Doguwar jinya: yadda giya ke cin hanta, ta koma ta ci jari

Duk mai sauraren sanarwar rasuwa a gidajen rediyonmu, daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ya san jimlar nan da muke karantawa kusan kullum: wane ya rasu "bayan ya sha fama da doguwar jinya". Takardar da dangi suke kawowa ba ta faɗin sunan ciwon, mu ma ba mu tambaya, don ba ladabi ba ne. To amma wanda ya yi zaman jinyar ya san abin da ke ƙunshe cikin kalmomin nan: watanni ko shekaru na zirga-zirga zuwa likita, takardun magani da ba su ƙarewa, rumfa a rufe, da bashin da ake bar wa marayu. Da yawa daga cikin jinyoyin nan ba na cututtukan da ake ɗauka daga wani ba ne, irin su ƙyanda ko sanƙarau. Cututtuka ne masu tsirowa a jikin mutum sannu a hankali, su samu wurin zama: hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, lalacewar hanta da ciwon daji. Likitoci sun lissafa abubuwan da ke share musu hanya, kamar taba, yawan gishiri, ƙiba da rashin motsa jiki. Akwai ɗaya a cikin jerin da muke tsallakewa in muna magana a bainar jama'a, ita ce giya.

Dalilin tsallakewar ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawanmu musulmi ne, addini ya haramta ta, kuma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, Nijar tana cikin ƙasashen da ba a shan ta da yawa. Gaskiya ne, mun kuma gode Allah. Sai dai lissafin ana yin sa ne a raba abin da aka sha da yawan manyan mutanen ƙasa, har da miliyoyin da ko warinta ba su sani ba, shi ya sa yake fitowa ɗan kaɗan. Wanda yake sha kuwa babu mai raba masa, jikinsa ne ke ɗaukar nasa duka. Kuma sha a garin da ake kunyar sha yana da nasa hali. Ana yin sa a ɓoye, a bayan tasha ko a ƙuryar ɗaki, a juye a kwalbar lemo, a kwankwaɗe da sauri, sau da yawa ciki babu abinci, sannan a bi da goro ko minti don kashe wari. Mutumin da ya ɓoye wa matarsa da liman, in ya je gaban likita ma ɓoyewa yake yi. Malamai sun daɗe suna faɗin hukuncinta, ba mu da abin da za mu ƙara musu. Mu maganar jiki za mu yi, da maganar aljihu.

A rahoton da OMS ta fitar a watan Yuni na 2024, ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya, miliyan 2 daga ciki maza ne. In an ce giya ta kashe mutum, abin da ke faɗo mana a rai shi ne haɗarin mota ko faɗa da wuƙa. Amma miliyan 1 da dubu 600 a kan gadon jinya suka mutu, da irin cututtukan da muka ambata: dubu 474 da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, dubu 401 da ciwon daji. Abin da ya fi ba mu tsoro a rahoton shi ne wannan: Turawa sun fi mu sha nesa ba kusa ba, amma a cikin kowane mutum dubu 100, waɗanda giya ta kashe a Afirka sun kai 52, kusan daidai da na Turai. Wato kwalba ɗaya ta fi yin ɓarna a jikin talaka, wanda abincinsa bai isa ba, likita ta yi masa nisa, kuma jikinsa da ma yana fama da wasu cututtukan.

Abin da ke sa maye abu ɗaya ne, sunansa alkol, ko a burkutu yake, ko a giyar kwalba, ko a wiski. Yawansa ne ya bambanta. Giyar kwalba tana da kusan kashi 5 cikin 100, su wiski da jin kuwa kusan kashi 40. Ƴan kasuwa kun fi kowa iya lissafi, ga shi nan: babbar kwalba mai santilita 65 tana ɗauke da alkol giram 25 da ɗoriya, ƴar leda mai santilita 5, wadda ake tsotsewa a kurɓi biyu, tana da kusan giram 16. Ke nan leda 2 sun ɗara babbar kwalba. Hantar babban mutum kuwa abin da take iya narkarwa a awa guda bai wuce giram 10 ba, kuma babu shayi ko kofi ko wankan ruwan sanyi da ke sa ta yi sauri.

Ƴar ledar nan ita ce ta kai giya inda da ba ta zuwa. Kuɗinta ƴan daloli ne, tana shiga aljihu, ba ta ƙara, ba ta barin kwalbar da za ta tona asiri, don haka ta dace da ɗan dako, da ɗan kabu-kabu, da karen mota, har da yaron da aka aika cefane. Ƙasashe da dama sun gane haka sun hana ta: Kodibuwa a 2016, Tanzaniya a 2017, Yuganda a 2019. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta sanar da hanin a watan Fabrairu na 2024, ko da yake an yi ta ja-in-ja a kai da masu masana'antu. Mu da muke zaune a bakin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Magarya da Ƙonni, mun san kayan da aka kora daga wata kasuwa wata kasuwar yake nema. Haka nan akwai ƙananan kwalabe masu hoton saiwa da ganye, da ake tallarsu da sunan maganin basir, ko na sanyi, ko na ƙarfin maza. Mai tireda ya juya bayan kwalbar ya duba kafin ya saro: in ya ga lamba da alamar kashi cikin ɗari kusa da kalmar alkol, to giya yake sayarwa, ko da Alhaji ne mai sayen, ko da bayan sallar isha'i yake sha da bisimilla.

Hanta ba ta kuka

Hanta ma'aikaciya ce da ba ta hutu. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta ya kai kilo 1 da rabi, ita ke tace jini, ita ke ajiye sukari don lokacin yunwa, ita ke haɗa abin da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Kusan duk alkol ɗin da aka sha ta hannunta yake bi. Wajen narkar da shi sai ya fara rikiɗa ya zama wani dafi da ake kira asetaldehid, mai ƙona naman hantar kanta. Da fari kitse ne ke taruwa a cikinta, kuma a wannan mataki in mutum ya bar sha, cikin ƴan makonni ko watanni tana iya komawa daidai. In aka ci gaba sai ta kumbura, ta yi ta yin rauni tana warkewa da tabo, tabo a kan tabo, har ta ƙanƙance ta yi tauri kamar busasshiyar fata a rumfar dukawa. Wannan shi ne likitoci suke kira siroz, kuma in ya kankama ba ya gogewa. Duk tsawon shekarun nan mutum yana cin tuwonsa, yana buɗe shagonsa, yana ganin lafiyarsa lau. Ranar da idanu suka yi ruwan ɗorawa da shawara, ƙafafu suka kumbura, ciki ya cika da ruwa ya yi tulu alhali hannuwa sun rame, ko aka wayi gari yana aman jini, to aikin ya riga ya yi nisa.

A nan ne maganar ta zama tamu ta musamman, domin hantar mutumin yankinmu sau da yawa da kayanta a kai take tun kafin a zuba mata giya. Kaya na farko shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda a likita za ku ji ana ce masa epatit B. OMS ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a duniya, kusan miliyan 65 a Afirka, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ta fi yawa. A wajenmu yawanci tun a ƙuruciya ake ɗaukarta, daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ko ta aska da rezar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita wajen aski, kaciya, tsaga ko cire belu. Cikin jarirai 10 da suka ɗauka, 9 tana zama a jikinsu har girma ba tare da wata alama ba. Ita ce babban dalilin da ya sa a ƙasashenmu ciwon dajin hanta yake kayar da magidanta masu shekara 30 ko 40 da wani abu, alhali a Turai ciwon tsofaffi ne. An sa rigakafinta cikin allurar yara a Nijar a 2008, ke nan kusan duk mai riƙe da rumfa ko mota a yau an haife shi kafin allurar ta zo. Mai wannan ƙwaya in ya ƙara da giya, tamkar an ɗora wa jaki kaya biyu ne a hawan tudu: siroz yana zuwa da wuri, ciwon daji kuma ya ƙara matsowa.

Kaya na biyu a cikin buhunanmu yake. Gyaɗa da masara in aka ajiye su da danshi suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda suya da dahuwa ba su kashe shi. Matan da ke sana'ar gyaɗa a Maradi da Tasawa sun san ƙwayar nan da ta yanƙwane, ta yi baƙi, mai ɗaci a baki. Ita ake tsincewa a ajiye gefe, sai kuma wani ya saye ta da araha ya kai inji a yi ƙuli-ƙuli da ita. Dafin nan shi ma hanta yake nufa, kuma in ya tarar da epatit B haɗarin ciwon daji yana ninkawa sau da yawa. Wanda bai taɓa shan giya ba ma wannan ya shafe shi, balle wanda ya haɗa ukun. Sannan ga parasetamol da mashayi ke saye a tiren masu talla yana haɗiya barkatai don ciwon kan safiya, alhali in ya yi yawa shi kansa dafin hanta ne. Haɗa giya da tramol kuwa ba ya ma jiran doguwar jinya, yana iya tsayar da numfashi a dare ɗaya.

Idan ciki ya kumbura, abin da ake fara cewa a gida shi ne an yi masa jifa, ko an ba shi wani abu a abinci. Ɗan kasuwa kuwa ba ya rasa wanda za a zarga: maƙwabcin rumfa, abokin hamayya, wani lokaci ma uwargida ko amarya ce ke ɗaukar laifin da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. A yi ta yawon neman magani, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙen da babu wanda ya san ƙarfinsu, kuma duk abin da aka ɗura hantar nan da ta gaji ce za ta tace shi. Kafin a yarda a je likita an yi asarar watanni, an yi asarar zumunci.

Sauran jiki

Hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo, shi ma ciwo ne marar kuka, kuma giya tana ɗaga shi gwargwadon yawan shan ta. Mai shan maganin tansiyo yana kuma shan giya kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, ko zuciya ta buɗe ta kasa tura jini, ko ƙoda ta tsaya, alhali injunan wankin ƙoda a manyan asibitoci ƙalilan suke, kuma wankin sau 2 ko 3 ne a kowane mako. Daɗin abin a nan shi ne, mai yawan sha in ya bari, tansiyonsa yakan sauko cikin ƴan makonni. Ga masu ciwon sukari kuma, giya tana lalata wani sashe da ke bayan tumbi, wanda shi ke samar da insulin, sannan tana iya faɗar da sukarin mai shan magani ƙasa warwas. A ga mutum yana gumi yana sambatu, a ɗauka maye ne, a ce a bar shi ya yi barci, daga nan sai suma.

Za ku ji wasu masu ilimin boko suna cewa jar giya kaɗan tana gyara zuciya, wasu kuma su ce baƙar giya tana ƙara jini. Maganar ƙara jini ba ta da tushe, masu yawan sha ma su ne ke fama da ƙarancinsa. Ta zuciya kuwa, a watan Janairu na 2023 OMS ta fito fili ta ce babu wani ma'aunin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya. Hujjarta ita ce ciwon daji. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa giya a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, sahu ɗaya da taba. Wuraren da take kamawa su ne baki, maƙogwaro, akwatin murya, hanyar abinci, hanta, babban hanji, da nonon mata. Masana sun ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutum dubu 741 suka kamu da ciwon daji ta dalilinta. Wanda ya haɗa ta da sigari kuwa, haɗarin baki da maƙogwaro ninkawa yake yi. Ƙasarmu ta samu injin gashin ciwon daji a cibiyar da ke Yamai a 2021, abin farin ciki ne, amma daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne, kuma marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai.

Wa ke biya?

Mu ɗauka magidanci yana kashe jikka 1 kullum a sha. A wata jikka 30 ke nan, a shekara jikka 365. Ku auna da buhun gero, ku auna da kuɗin hayar rumfa. Amma wannan ƙaramin lissafi ne. Babban yana zuwa ranar da ya kwanta. Abin da muke gani a unguwanninmu shi ne, aljihun maigida ne ke fara ƙarewa, daga nan a juyo kan matar gida: kwasar adashinta, tumakin da take kiwo, ƴan kunnen zinariyarta, kayan ɗakin da take tara wa ɗiyarta. Ita ce kuma za ta naɗe tabarmar sana'arta ta tafi zaman jinya, masu sayen kayanta su koma teburin gaba, kuma ku kun san mai ciniki in ya saba da wata hanya da wuya ya dawo. Matan da ke zaune a babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole, ko Katako, mafi yawansu ba su taɓa kai giya baki ba, amma wasunsu sun biya kuɗinta har da riba.

Don haka, Hajiya, ke da kika san abin da maigida ko ɗanki yake yi, gori da tonon asiri a tsakar gida ba su cika sa mutum ya bari ba, sai dai ya ƙara ɓoyewa. Abin da kike iya yi shi ne ki lallaɓa shi ya je a duba shi tun yana kan ƙafafunsa: a auna tansiyo, a gwada sukari, a nemi gwajin epatit B, in likita ya ga da bukata a yi hoton ciki, wato eko. Shi kuma maigida ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, da yawansa, da tun yaushe. Aikin likita ya ɗora masa riƙe sirri, kuma akwai magungunan da ba zai rubuta ba in ya san hanta ta taɓu. In gwaji ya nuna epatit B, akwai magani mai suna tenofobir, ƙwaya 1 a rana, da ke danne ƙwayar cutar ga waɗanda likita ya ga ya kamata su sha. Sai a gwada sauran mutanen gidan, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, mai ciki kuma ta sanar da ungozomar likita don a nemar wa jaririn allura cikin awa 24 na farko. Ko wanda siroz ya riga ya kama, barin giya yana tsayar da ƙarin ɓarna, yana ƙara masa shekaru da yardar Allah.

Sai dai bari ma yana da ƙa'ida. Wanda ya kai matsayin da hannunsa ke rawa da safe har sai ya kurɓa, jikinsa ya riga ya ɗauru, kuma tsayawa farat ɗaya yana iya kashe shi. Cikin kwana 1 zuwa 3 da barin sha yakan shiga gumi da karkarwa, ya kasa barci, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya, wani ya riƙa ganin ƙwari da macizai a bango. A nan ne dangi ke cewa aljanu ne, su kulle shi a ɗaki ko su sa masa mari. Irin wannan mutum a hannun likita ya kamata ya bar sha, inda za a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi na ƴan kwanaki, da ruwa, da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa. In kuwa ya riga ya tsaya da kansa a gida, kuka ga rawar jiki ta tsananta ko ya fara surutai, ku kai shi a ranar, ku kuma faɗa wa likitan ranar da ya yi shan ƙarshe.